Kawunan Raguna Goma Sha Biyu Daga Potiskum

Ana idar da sallar asuba ranar Talata muka kama hanya daga Zariya. Gari bai gama wayewa ba, amma zafin bazara ya riga mu tashi. Mu uku ne a cikin doguwar fijon sashenmu: direba, da Dakta, da ni. Na huɗunmu wani tulun ƙarfe ne mai tsayin turmi, an ɗaure shi da igiya a kujerar baya, aka zaunar da ni kusa da shi don in rungume shi duk inda aka faɗa rami. Tun daga ƙofar jami'a na gane cewa tulun ne babban fasinja, mu 'yan rakiya ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, shekara goma sha biyar ina wanke kwalabe ina haɗa sinadarai. Dakta kuwa masaniyar ƙwaƙwalwa ce, haifaffiyar Potiskum, bara ta dawo daga karatu a Turai. Ta sha fama da ni kafin in gane abin da take nema, to bari in faɗa yadda na gane. Ƙwaƙwalwa cike take da ƙwayoyin halitta iri-iri, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da cikakken littafin gado, iri ɗaya sak da na maƙwabciyarta. Abin da ya bambanta su shi ne shafin da kowacce ta buɗe. Idan ƙwaya ta buɗe shafi, sai ta kwafi ɗan saƙo daga ciki ta yi aiki da shi. Wannan saƙon Dakta take son kamawa, don ta nuna waɗanne ƙwayoyi ne a ƙasan ƙwaƙwalwa suke buɗe shafin da ke sa jiki ya riƙe ruwa idan ƙishirwa ta tsananta. Shi ya sa take neman ragunan da suka yi kwanaki suna takowa a ƙasa daga arewa, ta gwada su da ragunan gida da ake turkewa ana ba su dusa da ruwa har su ture. Inda ta san za a samu iri biyun nan a mayanka ɗaya kuwa shi ne garinsu, ranar Laraba da kasuwar dabbobi ke ci.

Matsalar ita ce saƙon nan ba shi da juriya ko kaɗan. Zafi yana kashe shi, jinkiri yana kashe shi, har gumin hannun mutum ma. Dole a ciro wurin cikin 'yan mintoci bayan yanka, a jefa a ruwan naitirojin, wani ruwa mai tsananin sanyi wanda in ka tsoma ganye a ciki ka fito da shi sai ya farfashe a hannunka. Shi ne a cikin tulun. Masu ajiye irin bijimai don yi wa shanu barbara ne suka sam mana, da gargaɗin kada su sake ganinmu sai bayan wata uku. Tulun kuma tsoho ne, ko ba a taɓa shi ba ruwan yana tafiya a hayaƙi. Aikina shi ne in tsoma baƙar rula in ga inda farin sanyi ya tsaya. Da asubar nan inci goma ne.

Akwai kuma abin da ba a yi maganarsa a mota ba, amma kowa ya sani. Sashenmu ɗaki ɗaya ya ara wa Dakta, tsohon sito, aka ce in zangon karatu ya ƙare ba ta nuna sakamako ba za a mayar da shi sito. Malamanta na Turai sun rubuto har sau biyu cewa irin wannan aiki ba zai yiwu a inda wutar lantarki ke zuwa ganin dama ba, ta koma, kujerarta tana nan. Sinadaran da ta taho da su na gwaji ɗaya ne tak. In tafiyar nan ta tashi a banza, to ita ma tafiya za ta yi, ni kuma in koma wankin kwalaben ɗalibai.

Mun ratsa Kano kafin cunkoso ya tashi, muka tsaya Wudil muka ci ƙosai mai zafi da koko. Daga nan sai hanya ta fara nuna halinta. Ramukan da ke tsakanin Kwanar Huguma da Kiyawa kam, direbanmu har sunaye ya sa musu, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu jere a bakin titi da galan-galan. Mun sayi biyu a kuɗin da ya ninka na gidan mai, direba ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu ya hura, ya ce wannan rabinsa kananzir ne amma fijo ba ta da zaɓi. A Jama'are na sha furar da ban sha irinta ba tun ina yaro, mai nonon kuma ta ƙi yarda cewa ba ice-kirim muke sayarwa a tulun ba.

Kafin Azare muka tarar da shinge. Ɗaya daga cikin masu shingen ya leƙo, ya ga abu ɗaure da igiya ina rungume da shi, ya ce a buɗe. Dakta ta nuna takarda, ya ce shi takarda ba ta dame shi ba, a buɗe. Na cire murfi, farin hayaƙi ya tumbatso ya gangaro kan kujera. Bawan Allah ya ja baya da sauri har hularsa ta faɗi, sannan ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Kowanne sai an buɗe masa nasa. Suna dariya, ni ina jin kamar jinina ake zubarwa. Da muka wuce na tsoma rula: inci takwas.

Mun shiga Potiskum ana kiran la'asar. Abin da ya fara tarbar mu shi ne tireloli, jere a kowane gefe har ido ya gaji, wasu ana gyara, wasu ana ɗaura musu katako don lodin shanun gobe. Garin yana da hayaniyar wurin da ya san kansa. A tasha ɗaya za ka ji Ngizim da Karekare da Bolanci da Fillanci da Barbarci, amma in ciniki ya zo kowa sai ya dawo Hausa, kowa da irin tasa. Direba, wanda ya saba zuwa tun garin yana cikin Borno, ya ce tun da aka yi sabuwar jiha ko gaisuwarsu ta ƙara tsawo.

Gidansu Dakta a unguwar Hausari yake. Kakanta farke ne daga Kano, ya zo da haja ya zauna. Mahaifinta ya rasu, ƙanensa ne babba a gidan, dattijo mai son raha, tana kiransa Baffa, shi kuma yana kiranta Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Yana jin ni Bazazzagi ne ya ce a ɓoye tukwane, an kawo musu mayunwaci. Na ce ai mun zo duba bayinmu ne. Aka kawo burabusko da miyar yakuwa, na ci har na tabbatar masa da zarginsa.

Bayan cin abinci Baffa ya aika aka kira Sarkin Fawa, amininsa. Dakta ta yi bayani: kawunan raguna goma sha biyu take so, shida na waɗanda suka tako daga arewa, shida na gida, kuma da zarar an yanka. Naman mahauta su sayar abinsu. Ta ce gobe da asuba za mu je mayanka mu tsaya.

Baffa ya gyara zama. "Uwata, ke ce za ki je ki tsaya cikin jini da tumbi, gari yana kallo? Muna raye? Ai kafin ki gama karyawa an kawo miki har gida."

"Baffa, da ɗuminsu nake so. Minti goma ma ya yi yawa."

"Da ɗuminsu za su zo," in ji Sarkin Fawa. "Mayanka ga ta nan kusa, a babur za a kawo."

Dakta ta dube ni. A nan ne na yi laifina, kuma ba zan ɓoye ba. Na tuna tashin asuba da warin mayanka, na ga zaure mai sanyi da tabarma, sai na ce ai hakan ma ya fi, tulun ba zai sha rana ba. Ita kuma kunyar Baffa ta kama ta, ta amince.

Laraba tun ƙarfe shida muka shirya tebur a zaure: wuƙaƙe, zarto, safar hannu, takardar azurfa ta naɗe nama. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Dakta sai kai da komo take. Wajen ƙarfe tara da rabi babur ya tsaya, aka shigo da manyan bahuna biyu lulluɓe da sabon ƙyalle. Ƙamshin ne ya fara gaya mini. Da aka yaye, ga kawuna goma sha biyu an babbake su tas, an kankare, an wanke, sun yi jawur suna sheƙi. An ma jera su, na arewa daban, na gida daban. Kuma da ɗuminsu, kamar yadda aka yi alkawari.

Sarkin Fawa yana tsaye yana murmushi. Ya ce shi da kansa ya tsaya a kan masu babbaka don kada su ƙona kunne ko ɗaya. A wurinsu ba a kai wa gidan mutunci kai da gashi da jini, ballantana gidan amini, ballantana 'yar da ta dawo daga Turai. In ya aiko da su ɗanye, gobe da wane ido zai kalli Baffa?

Dakta ta matso. Ta taɓa ɗaya da yatsa, ta juya ta shige cikin gida. Ni kuwa kunya da haushin kaina suka rufe ni, har na kasa ɗaga kai. Da ta fito idanunta sun yi ja, amma ta durƙusa ta yi wa Sarkin Fawa godiya tukuna, sannan ta gaya masa a hankali cewa wutar ta dafa abin da ta zo nema. Dattijon ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin babban mutum ya ji nauyi haka ba. Baffa kuwa sai salati yake, yana cewa shi ne ya jawo. Na tsoma rula a ɓoye: inci biyar da rabi. Kwana ɗaya ya rage mana, in ya yi yawa.

Sarkin Fawa ya mayar da hularsa ya ce mu tashi. Haka muka shiga kasuwar dabbobi da tsakar rana, shi a gaba, mu a baya. Ban san inda kasuwar nan ta ƙare ba. Shanu farare da jajaye masu ƙaho kamar su tsone sama, dillalai suna sa hannu cikin hannun riga suna ciniki ba a jin adadi, ana kora garke-garke kan tudun lodi zuwa tirelolin kudu. Ragunan arewa duk an saye, wasu har an loda. Muka zaga har ƙafafuna suka fara roƙona. Sai dab da la'asar wani dillali ya nuna mana wani Bafillace da ya iso a makare da udawa, dogayen ragunan nan masu rabi baƙi rabi fari, ƙafafunsu duk sun yi kaushi da tafiya. Sarkin Fawa ya tara mahautansa suka ɗauki shida don yankan gobe, aka haɗa da na gida shida. Amma ya juyo ya ce wa Dakta abu ɗaya ne ba zai yi ba, ba ya yanka dabba da ƙishirwa. Ta ce a ba su su sha, saƙon kwanaki ba ya gogewa da sha ɗaya. Da yamma muka ci farfesun kai, gida har maƙwabta. Gaskiya ya yi daɗi, sai dai kowace loma tana tuna mini laifina.

Alhamis muna fitowa masallaci muka wuce mayanka, Baffa da kansa ya riƙe wa Uwarsa jaka. Muka kafa tebur a inuwar katanga, tulun a ƙarƙashi lulluɓe da bargo. Aka yanka na farko aka miƙo kan. Dakta ta kama zarto, ni na riƙe ƙaho ina duba agogo. Ashe ƙoƙon kan uda ba irin na ɓerayen da ta saba da su ba ne. Minti biyar, goma, goma sha biyar, gumi yana zuba, zarton yana zamewa. Da ƙyar ta buɗe a minti ashirin da biyu, kuma haƙoran zarton sun yaga ƙwaƙwalwar. Saura goma sha ɗaya, rana tana hawa.

Akwai wani tsoho zaune a kan kututture kusa da mu, gajere, da ɗan gatari a cinyarsa, tun ɗazu yana kallo yana tauna goro. Bangizime ne, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Ya taso ya ce, "'Yata, wannan zarto naka na kafinta ne. Kawo kai."

Dakta ta dubi Sarkin Fawa. Ya ce wannan tsoho shekara talatin ba shi da aiki sai fasa kai, kuma matan da ke sayen ƙwaƙwalwa ba sa karɓar wadda ta fashe, don haka bai taɓa fasa ta ba.

"Baba, ƙasanta nake so, inda ta zauna a kan ƙashi. Kada ƙarfe ya taɓa wurin."

"Na sani. Wurin da jijiyan ido ya gicciye."

Sai da ta buɗe baki don mamaki, domin daidai wurin ke nan. Ta miƙa masa safar hannu, ya gwada, ta yage a babban yatsa, mahauta suka kwashe da dariya. Aka daidaita a kan shi ƙashi kawai zai taɓa, ita ta ɗauko. Aka yanka na biyu. Tsohon ya ɗora kan a kututture, ya shafa goshin da yatsa kamar mai neman wani abu, ya sara sau ɗaya a bayan ƙaho, sau ɗaya a kowane gefe. Ya sa bakin gatarin ya ɗaga, saman ƙoƙon ya tashi kamar murfin kwano. Ga ƙwaƙwalwa kwance lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Dakta ta juyo ta, ta yanki ɗan wuri bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, ta naɗe, na rubuta lamba, na jefa a tulu. Ruwan ya tafasa ya yi shiru. Na duba agogo na ce da ƙarfi, "Minti huɗu!"

Daga nan mayankar ta zama tamu. Mai yanka ya daina yanka sai na ɗaga hannu, mahauta suka yi layi suna miƙa kai hannu da hannu, masu babbaka suka bar wutarsu suka zo kallo. Duk wanda aka gama sai su tambaye ni minti nawa, in na faɗa su yi sowa. Na takwas minti uku ne, har wani ya ɗaga tsohon sama. Sarkin Fawa ya sa aka ƙaro uda ɗaya a madadin wanda zarto ya ɓata. Kafin ƙarfe takwas ƙunshi goma sha biyu suna cikin tulu. Dakta ta cire safa ta durƙusa har ƙasa a gaban tsohon, cikin jinin da Baffa ya yi mata gudu. Shi kuwa sai ya goge gatarinsa ya tambaya ko sauran ƙwaƙwalen za a bar masa, don masu saye suna jira.

Rula ta nuna inci biyu da rabi, daskarar da naman ta shanye ruwan sosai. Ba mu koma gida ko wanka ba. Matar Baffa ta aiko da barguna biyu da ƙunshin masa, muka naɗe tulun muka kama hanya. Direba ya daina gaishe da ramuka. A shingen Azare mutumin nan ya gane mu, ya ɗaga hannu yana dariya ya ce masu hayaƙi su wuce. A Wudil inci ɗaya da rabi. A Kano cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda, na yi ta addu'ar da ban san na haddace ba. Na daina tsoma rula, don buɗewar ma asara ce.

Mun shiga Zariya ana shirin magariba, muka zarce wurin masu ajiye irin bijimai, waɗanda suka ce kada su gan mu. Suka gan mu kuwa, da jini a riga. Na tsoma rula na fito da ita, farin sanyin bai fi faɗin farce ba, amma yana nan. Aka zuba ƙunshin a babban tankinsu, ɗaya bayan ɗaya suna ƙara kamar tsakuwa. Direba ya zauna a ƙasa ya ce shi dai a ba shi ruwa.

Mako biyu muka yi muna yanka naman siriri-siriri a injin sanyi, muna ɗorawa a gilashi, muna zuba sinadaran nan na gwaji ɗaya, janareto yana tari a waje. Ranar Litinin da ta wuce da hantsi Dakta ta sa gilashin farko a madubin gwaji. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta matsa ta ce in duba. Na ga fili fari-fari cike da ƙananan ƙwayoyi, sai a gefe ɗaya wani gungu na manya sun rine shuɗi mai duhu, maƙwabtansu da ke manne da su ko ɗigo babu. Wannan na uda ne. Ta sa na ragon gida: gungu ɗaya, wuri ɗaya, amma shuɗin ya dusashe. Goma sha biyun duka haka suka fito. Na yi kabbara har masinja ya leƙo. Shugaban sashe ya zo ya duba, ya cire tabarau ya sake dubawa, ya tambaya ko ɗakin ya ishe ta ko a ƙara mata na kusa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Mutanen Potiskum sun ɓata mana kawuna goma sha biyu saboda girmamawa, mu kuma da laifinmu, don mun gaya musu abin da muke so ba mu gaya musu dalili ba. Ranar da muka je muka tsaya a inda suke aiki suka ga abin da idonsu, sai suka yi shi fiye da yadda muka iya. Ni kuma na daina ba da shawara in inuwa nake hange.

Jiya Dakta ta kira ni da direba gidanta mu taya ta wani aiki. Ashe tun da ta dawo bara akwatunan littattafanta guda tara suna jibge a ɗaki, ɗaure da igiyarsu ta jirgi, ba ta taɓa kwance ko ɗaya ba. Kafinta yana tsakar gida yana auna katakon kanta. Ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Yanke igiyoyin, Malam. Duka."